Daga 'yan cin rani zuwa masu haƙar zinare: yadda maleriya ke bin matafiyi gida

Mai karatu, ka san galibi sauro ba ya tafiya mai nisa? Mutum ne ke ɗaukar ƙwayar maleriya a jininsa ya tsallaka iyaka da ita.

Sakkwato na da wuri a tarihin wannan ilimi. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya 'yan cin rani da ke fita daga lardin, wasunsu har Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Wani masani ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya nazarci alƙaluman. A 1965 ya fitar da littafi da ke nuna cewa feshin maganin sauro ba zai kawar da cutar ba muddin mutane na kai da komo ɗauke da ita.

To me ya sa aka fi jin tsoron mahaƙa? Ramukan haƙa suna tara ruwa, sauro ya hayayyafa. Ma'aikata na kwana ba gidan sauro, asibiti ya yi nisa, sai a sha rabin magani a koma aiki. Ƙwayar da ta tsira ita ce mai taurin kai. A ƙarshen shekarun 1950, yankin mahaƙan duwatsu masu daraja na Pailin, a Kambodiya, na cikin wuraren da aka fara ganin maleriyar da ba ta jin kulorokwin. Ta iso gabashin Afirka a 1978, kuma a 2005 Najeriya ta koma amfani da ACT.

Ko a 2013, gundumar Shanglin ta ƙasar Sin ta samu mutum 874 masu cutar cikin wata huɗu, kusan dukkansu masu haƙar zinare da suka dawo daga Ghana. An bi su da gwaji da magani, cutar ba ta bazu ba.

Za ka ce ai maleriya 'yar gida ce a Sakkwato, me za a shigo mana da shi? Irin da ba ta jin magani, shi ne abin gudu. Saboda haka idan ɗan'uwanka ya dawo daga haƙar zinare da zazzaɓi, kada a tsaya a kemis. A kai shi gwajin jini, a faɗa wa likita inda ya fito, kuma ya shanye maganin duka ko ya ji sauƙi.