Malami ma yana komawa karatu: tarihin Abdu Mumuni

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka taɓa jin an ce mushen garinku zai tafi Yamai ƙaro ilimi. Wataƙila ka ce a ranka: mutumin da ke koyar da yara, me ya rage masa kuma? To, saurari wannan tarihi.

A zamanin Turawan mulki, babu babbar makarantar horon malamai a Nijar. Yaron da ya yi fice, sai a kai shi Sanigal, makarantar Wiliyam Fonti. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya dawo a 1929 ya kama koyarwa. Can Jori Hamani ya yi nasa, ya koyar da yara kafin ya zama shugaban ƙasa a 1960. Amma hanyar ƙaro ilimi bayan an kama aiki ƙunci gare ta. Yawancin malamai, inda suka tsaya nan suka tsufa.

A shekarar da Bubu Hama ya fara koyarwa, wato 1929, aka haifi Abdu Mumuni a Tasawa. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, ya wuce Wiliyam Fonti, daga nan sai Faransa. Abin da ya karanta shi ne kimiyyar zafi, da haske, da lantarki. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai ta Faransa. A wannan fanni, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta.

Sai ya ɗauki alli. Ya koyar da samari a Dakar, da Konakiri, da Bamako. Yana da aiki, yana da albashi, yana da girma. Da wani ne, da ya miƙe ƙafa. Shi kuwa a 1961 ya ajiye allin, ya tafi Rasha, ya sake zama ɗalibi har shekara 3. Me ya je nema? Sanin yadda za a sa rana aiki. Ya duba ya ga ƙasashenmu itacen girki yana ƙarewa, amma rana ba ta yankewa.

A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa ya kamata a koyar da yara da harshen da suka tashi da shi, kuma karatu ya haɗu da aikin hannu. A 1967 ya sami digirin dakta a Faransa. Lissafa ka gani: shekarunsa 38 a lokacin.

A 1969 ya dawo gida, ya riƙe ma'aikatar ƙarfin rana ta ƙasa a Yamai. Can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da murhun da ke dafa abinci ba da itace ba. Dabarar ba tsafi ba ce. Baƙin ƙarfe yana shan zafin rana fiye da fari. In aka rufe shi da gilashi, zafin ba ya kuɓucewa, sai ruwan da ke bi ta bututu ya yi zafi. Murhun kuma madubi ne mai siffar ƙwarya, yana tara hasken wuri ɗaya, daidai gindin tukunya.

A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a. Abdu Mumuni ya shugabance ta daga 1979. Ya rasu a 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. A cikinta akwai babbar makarantar malamai. Malamin da ya yi shekaru yana aiki yana iya cin jarrabawa ya shiga, ya fito mai ba malamai shawara ko sufeton makarantu. Daga 2010 kuma Maraɗi, da Damagaram, da Tawa suka sami nasu jami'o'i. Abin da dā sai an je Sanigal, yau yana cikin gida.

Me ya shafe ka a nan? Ɗanka ne. Malamin da bai ƙaro ilimi ba, hadda zai ba yaro. Yaron ya rera cewa ƙwayoyin cuta suna cikin ruwa, ya dawo gida ya sha na tabki. Malamin da ya ƙware zai sa yara su tace ruwa da hannunsu, su shuka iri a tukwane biyu, ɗaya da taki ɗaya babu, su auna da kansu. Wannan ilimi ne ke bin yaro har gona.

Gaskiya ne, in malami ya tafi, aji yana iya zama babu kowa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ku iyaye, ku haɗa kai ku je wurin daraktan lakwal da sufeto, ku nemi a aiko da madadinsa. Amma kada ku ga laifin mai tafiya. Rijiyar da ba a yasa ta, ƙafewa take yi.

Kai ma da girmanka ka zauna a ajin yaƙi da jahilci, ga shi yau kana karanta wannan da kanka. Ka san daɗin abin. In mushenku ya zo sallama, ka yi masa fatan alheri, ka ce ya dawo da abin da ya samo.