Hilux Mai Giyar Otomatik Tana Rawa Ko Fizga? Abin Da Za Ka Duba Kafin A Sauke Giyabos

 Daga Keffi nake rubuto wannan. Ni ba makanike ba ne, ɗan mai fataucin shanu ne, amma shekara huɗu ke nan Hilux ɗin Baba tana hannuna. Da ita nake kai dusa da harawa kara, da ita muke shiga rugage duba dabba, wani lokacin ma har maruƙa biyu nake sakawa a baya. Bara, ana saura wata ɗaya Babbar Sallah, ta fara wata irin rawa a hanyar Akwanga. Makaniken farko da na kai wa ko tuƙa ta bai yi ba, ya ce giyabos ya tafi, sai dai a sayo na Beljiyam. Kuɗin da ya faɗa kuɗin bijimi biyu ne masu kyau, kuma Baba har ya ware waɗanda za a sayar. Allah Ya sa muka tsaya muka bi abin a hankali. Giyabos ɗin nan shi ne a jikinta har yau.

Abin da na koya a lokacin, da wanda na ƙara koya a gareji bayan nan, shi na tara a nan. Yawanci a kan Hilux ne, amma kusan duk akori-kura mai otomatik haka take.

Fara da sanin lokacin da take yi

"Mota tana rawa" ba bayani ba ne. Makanike ba zai san inda zai taɓa ba sai ka gaya masa yaushe take yi, kuma kai da ke tuƙa ta kullum ka fi shi damar sanin wannan.

Rawar da ta fi rikita mutane ita ce wadda ke zuwa kana tafiya sumul a kwalta mai kyau, gudu tsakanin kilomita 40 zuwa 80, ƙafarka ta ɗan taɓa totur kaɗan. Sai ka ji kamar ka hau gargada, gurrr, daƙiƙa biyu ko uku, ta ɗauke. Ka ƙara wuta, ta ɓace. Ka saki totur, ta ɓace. Irin tamu ke nan.

Ga dalilinta. Tsakanin inji da giyabos akwai wani abu kamar tukunya cike da mai, makanikai na ce masa kwanbata. Shi ne a madadin kulocin motar manuwal: inji na juya mai, mai na juya giya. Idan mota ta miƙe hanya, akwai wani faifan kuloci a cikinsa da ke kamawa ya haɗe inji da giya kai tsaye, don rage shan fetur da zafi. To in man ya tsufa, ko ba irin nasa aka zuba ba, faifan ba ya kamawa lami lafiya. Ya kama ya saki, ya kama ya saki, da sauri. Wannan kama-sakin ita ce rawar da kake ji a kujera.

Gwajinta ba ya cin ko sisi. A hanyar da babu mota a bayanka, lokacin da rawar ta fara, kar ka ɗaga ƙafar dama daga totur, ka sa ƙafar hagu ka ɗan taɓa birki, iyakar yadda wutar birki za ta kama. Kwamfutar motar tana sakin wancan faifan da zarar ta ji birki. In rawar ta ɗauke nan take, to kwanbata ne ko mansa. Na yi wannan gwajin sau uku tsakanin Keffi da Garaku, duk sau ukun ta ɗauke.

Sai dai a yi hattara, domin fulogi ko kwayil mai mutuwa a injin fetur yana yin rawa mai kama da wannan sak, kuma a daidai wannan gudun. Bambancin shi ne ta fulogi tana ƙaruwa in ka ƙara wuta ko ka hau tudu da lodi, sau da yawa kuma za ka ji injin na ɗingishi ko a tsaye. A masu dizal, nozul ko filtar mai da ta toshe na iya yin haka. Mutane da yawa sun sauke giyabos a kan kwayil ɗaya.

Akwai kuma rawar da ba ruwanta da totur, gudu kawai take bi. In ta fara a 90, kullum a 90 za ta fara. Sauko da giya ɗaya da hannunka, ƙarar inji ta canza, amma gudun ya zauna yadda yake. Rawar na nan ba ta canza ba? Je ka duba taya, ko rim da ya lanƙwashe a rami, ko farfela. Wadda kuma ke zuwa kana tsaye a gosulon Mararaba, giya a D ƙafa a birki, ta lafa in ka mayar N, yawanci robobin da inji ke zaune a kai ne suka mutu.

Ƙarin abu ɗaya ga masu shiga daji kamar mu: in ka sa ogzilari a cikin taɓo, ka tuna ka cire kafin ka hau kwalta. Hilux ba ta son tafiya da shi a busasshiyar hanya. Za ta riƙa ƙagewa tana tsalle a kwana, ka rantse giya ce.

Man giya

Nan ne rabin matsalar take, don haka zan daɗe a nan.

Hilux ɗin da aka yi tsakanin 2005 da 2015 masu giya huɗu suna da geji. Ba a duba shi kamar na baƙin mai. Sai mota ta yi zafi, a wuri mai daidai, inji na aiki. Ka taka birki, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka dawo P, sannan ka zaro gejin, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya a alamar HOT. In ya yi ƙasa, giya za ta riƙa jinkirin shiga, ta kuma sulluɓe. In ya wuce, yana kumfa, shi ma matsala ne.

Ɗiga shi a farar takarda ka kalla, ka kuma sansana. Ja mai haske, lafiya lau. Ya koma ruwan ƙasa, ya gaji, a canza. Baƙi mai warin ƙuna, faifan cikin giya, waɗanda ake kira faiba, sun fara cinyewa. In kuwa ka gan shi fari-fari kamar an dama madara da jan zoɓo, ruwa ya shiga, kashe motar a nan. Ruwan na shiga ta hanya biyu: ko bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ya fashe, ko ka ratsa ruwa mai zurfi. Ku na Legas da Fatakwal da ke shiga ambaliya duk damina, wannan naku ne. Ruwa yana ɓanɓare faiba daga ƙarfensa, kuma ba ya ɗaukar lokaci.

Masu giya shida da suka fito daga 2015 ba su da geji. Ta wani noti a ƙasan giyabos ake duba su, man yana da zafin digiri 35 zuwa 45, mota a daidaice, inji na aiki. Wanda bai da na'urar karanta zafin man, cinta kawai yake yi.

Sannan nau'in mai. Toyota na da T-IV, tana da WS, kuma ba a musanya su. Masu giya shida WS suke sha. Tsofaffin, karanta abin da aka rubuta a jikin gejin ko a littafin motar. Ja ba shi ne shaida ba, duk ja ne. Abin da ya same mu ke nan: bututu ya taɓa yoyo a hanya, wani yaron gareji ya cika mana da man da ya samu a shago, ni ma ban tambaya ba. Laifina ne rabi.

In an kwance noti aka tsiyaye, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke fita, sauran na cikin kwanbata da bututai. Shi ya sa canji ɗaya ba ya isa. Mu sau uku muka yi, ana tafiyar kwana biyu-uku a tsakani, a na farko aka sauke farantin ƙasa aka wanke, aka duba filta. A jikin farantin akwai maganaɗisu. Laushin toka-toka a kansa ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe da za ka ji a yatsa kuwa, wannan magana ce babba. Namu toka ce kawai. Bayan canji na biyu rawar ta ragu, bayan na uku ban sake jin ta ba.

Za ka ji ana cewa kar a taɓa canza man giyar otomatik, wai in an canza mota ba ta ƙara tashi. Akwai inda maganar ta samo asali. Giyar da faibanta ya riga ya ƙare, dattin da ke cikin tsohon man ne ke ɗan riƙe ta, sabon mai sai ya tona asirin. Amma wannan ta riga ta mutu. Mai lafiya, rashin canjin ne ke kai ta can, balle motar da ke ɗaukar lodi a zafin watan Maris, tana hawan tudun Akwanga zuwa Nasarawa Eggon.

Fizga da bugawa

Kana tsaye, ƙafa a birki, ka sa D ko R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In sai ka ƙirga uku ko huɗu sannan ta buga, mai ya yi ƙasa, ko filta ta toshe, ko ƙarfin turin mai ya ragu. In tana kamawa da wuri amma da ƙarar ƙarfe, ƙwas, leƙa ƙasa ka kama farfela ka jijjiga, mota a kashe, an sa wa taya dutse. Kuros ɗinta in ya yi wasa haka yake yi. Akwai kuma wani bugu da ake ji daga baya in ka tsaya cak ko za ka tashi, kamar wani ya taɓa ka da mota. Sau da yawa giris ne ya bushe a farfela. Tamu ma tana da wannan, aikin minti ashirin ne.

Fizga wajen canza giya, daga ɗaya zuwa biyu ko biyu zuwa uku, in mai na da kyau, sai a koma wuta. Giyar otomatik kwamfuta ce ke ba ta umarni ta wasu ƙananan bawul masu aiki da lantarki, solanoyid, tana dogaro da sensa na gudu da na totur. Batir mai rauni, kan batir mai tsatsa, ko wayar da ɓera ya ci, duk suna rikita ta. Mu da ke ajiye mota kusa da rumbun dusa mun san aikin ɓera. In ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa, ba ta da ƙarfi wajen tashi, kwamfutar ce ta ga matsala ta kulle don kare giyar. Yawanci waya ce ko solanoyid.

A nan ne za ka biya a sa mata na'ura, soket ɗin na ƙarƙashin sitiyari. Ka ce a nuna maka lambar, ka ɗauke ta a waya kafin a goge. P0300 zuwa P0304 na nufin inji ne ke tsallake wuta, ba giya ba. P0741 na nuna kulocin kwanbata. P0500 sensar gudu. P2714 na nuna solanoyid mai kula da turin mai. Lamba tana nuna unguwa ce, ba gida ba, sai an bi an gwada. Kuma rawar kwanbata na iya daɗewa ba tare da ta kunna wuta a dashbod ba.

Inda sauke giyabos ya zama dole

In inji na ihu mota ba ta tafiya daidai da ihun, man baƙi ne mai wari, ga ɓarɓashin ƙarfe a faranti, ko R ta ɗauke gaba ɗaya, to babu dabara, a buɗe. Ko a nan akwai zaɓi, a canza faiba da robobi a naka, ko a sayi na Beljiyam a Ladipo, Nkpor, Ikoku, ko Apo ga mu na nan. In saye za ka yi, lambar da ke jikin giyabos ɗin ta yi daidai da ta naka, a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit, a kuma wanke bututan sanyaya mai kafin a ɗora, in ba haka ba dattin tsohon zai shiga sabon.

Kuma in ta tsaya maka a hanya, kar a tura don ta tashi, otomatik ba ta tashi da turi. Kar kuma a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin baya a ƙasa, domin famfon man giya ba ya aiki sai inji na juyawa. A kwance farfela tukuna, ko a ɗora ta a mota.