Daga Jidda Zuwa Makka: Abin da Bas Ta Gada Wurin Raƙumi

Duk alhajin da ya sauka a Jidda ya san cewa tashin jirgi daga Kano, na awa biyar ko ƙasa da haka, ba shi ne wahalar tafiyar ba. Gwajin haƙuri yana farawa ne bayan an buga fasfo, lokacin da za a jira bas ɗin da za ta kai mutum Makka. Ni ma na yi wannan zaman, da harami a jikina, a ƙarƙashin rumfunan Madinatul Hujjaj, sashen alhazai na filin jirgin Jidda. A ganina tsarin da ke zaunar da mu a wurin ya girmi jirgin sama, ya girmi motar kanta.

Kafin mota, raƙumi ne ke wannan aiki. Wanda ya sauka daga jirgin ruwa a Jidda yakan yi kamar kwana biyu kafin ya ga Makka, a yada zango a Bahra, wajen tsakiyar hanya. Masu hali suna hawa shukduf, wani gado mai rumfa da ake ɗaura wa raƙumi, mutum biyu su zauna ɗaya a kowane gefe. Alhaji ba ya zaɓar raƙuminsa. Mutawwifi, wato jagoran da aka danƙa masa mutanen wata ƙasa, shi ke ƙulla ciniki da masu raƙuma, Sharifin Makka kuma yana da kasonsa a kuɗin hayar. Yawancin mutanenmu da suka ratso Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin, ba su da kuɗin wannan haya. A ƙasa suke takawa, kayansu a ka, kamar yadda suka taka tun daga gida.

Bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓe Hijaz a 1925 aka samu tsaro a hanya, motoci suka fara ƙwace cinikin raƙuma. Da kamfanonin jigila suka yi yawa, sai a shekara ta 1372 bayan Hijira aka tara su ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, wadda alhazai ke kira Naƙaba, ita ke raba musu fasinja. A namu ɓangaren ma mota ta shigo. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin WAPA don kai maniyyata ta hanyar Sudan, sunan da har yau yake kan Wapa ta Fagge a Kano, inda ake canjin kuɗi.

Tsohon filin jirgin Jidda yana Kandara ne, gab da gari, har gidaje suka kewaye shi. A 1981 aka koma sabon filin Sarki Abdul'aziz a arewacin birnin, tare da sashen alhazai mai rumfuna 210 masu siffar tanti. Filin ya yalwata, amma hanyar Makka ta ƙara tsawo, ta kusa kilomita ɗari.

Abin da na gani a wurin, tsarin mutawwifi ne sak, an dai canza abin hawa. Ba ka sayen tikiti ka hau wadda ka ga dama. Ana kiran jiha jiha, a loda jakunkuna, a ƙirga kawuna, a sake ƙirgawa, wakilin ofishin jagora ya riƙe fasfo ɗin kowa. Wani dattijo kusa da ni ya gaji, ya ce da jami'in jiharmu, “Ɗana, yaushe za mu tashi?” Shi kuwa ya ce, “Baba, a ƙara haƙuri, sai lissafi ya cika.” Da aka tashi aka ɗauki talbiyya, aka tsaya a shingen Shumaisi, kusa da Hudaibiyya, inda wanda ba Musulmi ba yake ratsewa.

Tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramaini mai gudun kilomita 300 a awa, kuma alhazanmu da yawa yanzu Madina suke sauka kai tsaye. Mai Umara zai iya yankar tikitinsa ya tafi shi kaɗai. Amma lokacin Hajji, idan mutum sama da miliyan ɗaya suka nufi gari guda cikin 'yan makonni, babu hukumar da za ta bar kowa ya kama gabansa. Shi ya sa har gobe alhaji a ayari zai shiga Makka, da jagora a gaba, kuma ba za a tashi ba sai na ƙarshe ya hau.