Daga Bakin Ruwa Zuwa Bakin Titi: Yadda Kasuwanninmu Suka Yi Ta Ƙaura a Legas



Yaranmu da aka haifa a nan Agege, in an tambaye su me ya kawo kakanninsu Ikko, sai su ce neman kuɗi. Gaskiya ne, amma neman kuɗin yana da suna, sunansa goro.

A da fatake kan ɗauki watanni a hanya kafin su kai Gwanja su dawo da goro a kan jakuna. Da jiragen ruwan Turawa suka fara zirga-zirga a gaɓar teku, sai lissafi ya canja: a ɗora huhun goro a Ankara, a sauke shi a Legas cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Kun ga ke nan cinikinmu na farko a garin nan a bakin ruwa yake. Ko kafin haka ma akwai Hausawa a tsibirin, domin a 1863 Bature Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo.

Sai jirgin ƙasa. Layin dogo ya tashi daga Ido, ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Tafiyar da ayari ke yi wata da watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Yarabawa na yankin Agege suka dasa irin goron da Arewa ke so, wanda har yau suke kira gbanja, wato dai Gwanja ɗinmu ce a bakinsu. Ga gona, ga tashar jirgi a kusa, me za a je nema a bakin teku kuma? Iyayenmu suka zauna a nan, suka yi zango, suka gina masallaci. Mai gida ya saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in bashi ne, ya karɓi la'adarsa. Ba takarda, ba lauya. Da wannan amana aka yi cinikin goro da shanu shekaru da dama, kuma wallahi ta fi takardun yanzu ƙarfi.

Da jirgin ƙasa ya raunana, tirela ta karɓe kaya, kasuwa kuma ta bi titi. Dattawa na cewa masu kayan gwari daga Ido aka taso su zuwa Mile 12, lokacin wurin bayan gari ne. Duk wanda bai taɓa zuwa can da asuba ba, ya daure ya je. Motocin tumatur daga Kano da Kaduna, albasa daga Sakkwato da Kabi, tattasai da attaruhu, doya daga Binuwai da Neja, 'yan dako na gudu da kwando a ka, matan Yarabawa na taya kaya da Hausa, mu muna mayar musu da Yarabanci. A Oko-Oba mahauta ne da shanu. A Ojo kuwa aka kafa Alaba Rago, kasuwar da kalmar Hausa ta zame mata suna.

Gwanjo ma ruwa ne ya kawo shi. Mutanen Kudu na ce masa okirika, sunan wani gari na bakin ruwa kusa da Fatakwal. Diloli na shigowa, da yawa ta Kwatano, a kwance su a Katangowa ko Yaba, kuma 'yan'uwanmu na cikin manyan masu saye su kai Arewa. Wanda ya zo lokacin da ake yanka dila shi ke tsintar na kirki. Na rana sai ragowa.

To amma ba daɗi kaɗai aka sha ba. A Nuwamba 1999 an yi rikici a Ketu, a Fabrairu 2002 aka yi na Idi-Araba, an rasa rayuka da dukiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A Maris 2016 faɗa ya sake tashi a Mile 12, gwamnatin Ambode ta rufe kasuwar, aka kuma tayar da maganar mayar da ita Imota, can bayan Ikorodu. Sannan a 2021, bayan abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan, dillalan abinci da na shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu. Cikin kwanaki tumatur ya yi tsada a Legas, a Arewa kuma yana ruɓewa a hannun manoma. Kowa ya ji a jikinsa.

Abin da muke so matasa su lura da shi: duk inda muka sare daji muka kafa kasuwa, gari na biyo mu, filin ya yi daraja, sai a fara maganar tashi. Iyayenmu sun riƙe kaya da amana, amma kaɗan ne a cikinsu suka riƙe takardar fili. Yau ana maganar Katangowa, an ce masu kwamfuta na Ikeja za a kawo wurin. Shugabannin sassan kasuwa su bincika tun yanzu: rumfunan da muke biya wa kuɗi duk wata, da sunan wa aka rubuta su, kuma a hannun wa takardun suke?