Zunubi Mai Kisa a Koyarwar Katolika

A koyarwar Cocin Katolika, zunubi mai kisa shi ne laifin da ke yanke alaƙar mutum da Allah. Sai sharuɗɗa uku sun haɗu ake kiransa haka: laifin ya kasance babba, kamar kisan kai ko zina, mai shi ya san girmansa, kuma ya aikata da gangan. Idan aka rasa ɗaya, ya zama ƙaramin zunubi, wanda ke raunana alaƙar ba tare da ya tsinka ta ba. Haka littafin koyarwar cocin na 1992, zamanin Paparoma John Paul na Biyu, ya tsara.

Maganin zunubi mai kisa shi ne tuba da furci. Mai laifi yakan durƙusa a wani ɗan ɗaki, sau da yawa da shamaki tsakaninsa da Fada, wato limamin cocin, ya faɗi laifinsa da bakinsa cikin nadama da niyyar dainawa. Fada ya ɗora masa addu'a ko aikin gyara, sannan ya sanar da gafara. Tun taron Lateran na 1215 aka wajabta furcin aƙalla sau ɗaya a shekara. Sirrin furcin kuwa mai tsanani ne: Fadan da ya tona shi ya fita daga tarayyar coci nan take.

Wanda ya mutu da irin wannan zunubi bai tuba ba, makomarsa jahannama, kuma mafi girman azabarta rabuwa da Allah har abada. Abin lura, cocin da ya ayyana dubban waliyyai bai taɓa kama sunan mutum guda a hukumance ya ce yana wuta ba.