Daga Yawa Zuwa Nailan: Ƙullin Fatsa a Kafanchan

Aikin reluwe ne ya kawo kakana Kafanchan, jim kaɗan bayan 1927, shekarar da layin dogo na Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a nan, reshe kuma ya nufi Jos. Amma shi Bakabe ne na ƙasar Argungu, inda su gado ne. Ya baro Gulbin Kabi, bai baro fatsa ba. Duk ranar da ba aiki, sai ya gangara rafukan da ke saukowa daga duwatsun Kagoro, ko ƙasan Matsirga, inda ruwa ke hucewa bayan ya faɗo.

A zamaninsa ba a sayen zaren fatsa. Akwai wani irin wake da ake kira yawa, wanda ake shukawa saboda zaren da ke sandar furensa. A jiƙa shi, a ɓare, a tufka a kan cinya. Igiya mai kauri kuwa da rama ake yi. Masunci kan haɗa biyun: rama a hannu, yawa a bakin ƙugiya. Dukansu suna da kaushi, kuma suna kumbura in sun sha ruwa, don haka ƙulli ɗaya mai sauƙi ya wadatar. Ruwan ma shi ke ƙara tamke shi.

Sai ga nailan. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro shi a 1935, ya fara sayar da zaren fatsarsa a 1939, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya bazu har kasuwanninmu. Ba ya ruɓewa, kifi ba ya saurin ganinsa. Tufka ta faɗi kasuwa, noman yawa ya ja baya. Sai dai nailan santsi gare shi, ba ya jin tsohon ƙulli.

Ina yaro na ga haka da idona. Wata damina mahaifina ya kama tarwaɗa mai nauyi, ya ja ta har muka ga gashin bakinta, sai fatsar ta yi sako-sako. Kakana ya karɓi bakin zaren ya duba. A murɗe yake, ba a yanke ba. Ya ce, "Ka gani? Zare bai tsinke ba, ƙullinka ne ya zame." Mahaifina ya ce, "Baba, ai naka na yi." Tsoho ya ce, "Nawa na yawa ne. Wannan baƙo ne, sai an nemo masa nasa."

Kwana uku yana zaune a zaure yana ƙullawa yana warwarewa. Daga ƙarshe ya lanƙwasa igiya mai kaurin ta zama hanci, ya zura siririn ta ciki, ya naɗe shi kamar sau goma a kan ninkin, ya fito da bakinsa ta inda ya shiga. Ya shafa miyau don kada zafin goga ya raunana zaren, ya ja a hankali har naɗin ya kwanta jere.

Da na girma na gane cewa masu kamun kifin teku a Fulorida suna da irinsa. Albright suke ce masa, sunan wani jagoran masunta, Jimmy Albright, kuma da shi suke haɗa zaren jifa mai kauri da siririn zaren ajiya da ke cikin faifai, wanda babban kifi kan ja mita ɗari ko fiye. Kakana bai taɓa ganin teku ba. Matsala ɗaya ce ta koya wa hannuwansu.

Yau ba na jin ana maganar yawa a kasuwar Kafanchan, kuma abin yana yi mini ciwo. Amma ƙullin yana nan. A bara na zaunar da jikana a bakin rafi, na riƙe yatsunsa muka ƙirga naɗi goma. Da ya ja, bai zame ba.