Ƙawa da Uwa da Ɗiya: Tarihin Ladubban Kiran Juna Tsakanin 'Yan Daudu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wasu 'yan kalmomi na ƙauna da girmamawa waɗanda 'yan daudu suke kiran junansu da su, irin su ƙawa da uwa da ɗiya da hajiya, domin a ga inda suka samo asali da kuma ƙa'idojin da suka ɗaure amfani da su. Lalle akwai waɗanda za su ga batun bai cancanci a kawo shi gaban taro irin wannan ba. Amsata gare su ita ce, hukuncin addini a kan namijin da ya kamanta kansa da mace sananne ne, kuma ba shi aka gayyace ni in tattauna ba. Mutanen nan dai Hausa suke yi, Hausar tasu kuwa tana da tarihi. Abin da nake son nunawa shi ne, aro suka yi daga zaman mata, kuma da suka aro kalmomin sai suka haɗa da nauyin da ke rataye a wuyan kowace ɗaya daga cikinsu. Misalan al'ada zan ɗebo su daga yankinmu na kudancin ƙasar Katsina, watau Ruwan Godiya ta Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Rubutacciyar shaida kuwa daga Giwa da birnin Katsina da Kano za ta fito, don a can ne masana suka zauna suka rubuta.

Ɗan daudu da sana'arsa

Ya kamata mu fara da gyara wata fahimta. Ɗan daudu ba safai yake sa cikakkiyar suturar mata ba. An fi gane shi da ɗaura zane wajen aiki, da karairaya, da tafa hannu, da salon magana, da kuma sana'ar da aka sani ta mata ce, musamman dafa abincin sayarwa a kasuwa da tasha. Da yawa daga cikinsu suna da aure da 'ya'ya. Game da sunan, Daudu kirari ne na Galadima, kuma a bori akwai iskan da ake kira Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai ado da kyauta da caca. Fremont Besmer, a littafinsa na 1983 kan borin Kano, ya nuna yadda 'yan daudu suke halartar wasannin bori, wasu masana kuma sun danganta sunan da wannan iska. A ganina danganta ta yi kama da gaskiya, amma ba ta bayyana mana maganarsu ba. Wanda yake neman tushen maganar sai ya shiga cikin gida, wurin mata.

Abin da aka tarar a harshe

Tun kafin a zo ga 'yan daudu, Bahaushe ya saba da kiran mutum da sunan dangantakar da ba tasa ba. A Ruwan Godiya, kamar sauran ƙasar Hausa, kaka mace takan kira jikanta namiji mijinta, ta kira jikarta kishiya, kaka namiji kuma ya kira jikarsa matarsa, kowa ya yi dariya. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, alkunya takan hana a faɗi sunan, sai a ce masa Baba ko Abba ko Babangida, yarinya kuma Uwa ko Uwani ko Inna. Ga jariri a goye uwarsa tana ce masa Baba. Haka nan taubasai, da Bakatsine da Banufe, sukan jefi juna da maganar da in baƙo ne ya faɗe ta sai an kai ga alƙali. Ke nan harshen ya riga ya tanadi fili inda suna yake tsallake shekaru da matsayi, da sharaɗin cewa masu maganar sun san dangantakar da ta halatta musu haka. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Shaida mafi ƙarfi a kan zaman mata ita ce ta Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Giwa kuwa ba ta da nisa da Sabuwa da Funtuwa, saboda haka abin da Baba ta bayyana shi ne abin da kakanninmu mata suka sani. A wurinsu ƙawa ba kowace abokiyar hira ba ce. Ƙawance ƙulla shi ake yi tsakanin tsara da tsara, da aike da kyauta da sanin mutane, kuma yana tafe da biki: in ƙawarki ta kawo miki gudummawa ranar aure ko suna, ran nata bikin sai ki mayar da ninki. Akwai kuma dangantakar babba da ƙarama, watau uwar ɗaki da 'yar ɗakinta, ko ɗiyar ɗaki a bakin Bakatsine, inda babbar take ba da tufafi da shawara da kariya, ƙaramar kuma take biya da aike da hidima da ladabi. Wadda ta kira wata uwar ɗakinta ta ɗauki alkawari ne a bainar jama'a.

Yadda kalmomin suka ƙaura

Hanyar da ta kai waɗannan kalmomi bakin 'yan daudu ita ce hanyar bariki. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga da gyaɗa ya bunƙasa, sai garuruwan kan hanya suka cika da 'yan ci-rani da leburori da direbobi, maza marasa iyali a kusa waɗanda dole su sayi abinci. Matan aure suna kulle, sai dai su aiko yara da talla. Waɗanda suka iya zama a fili su girka su sayar su ne zawarawa da mata masu zaman kansu da 'yan daudu. Renée Pittin, wadda ta yi bincike a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta bayyana gidajen mata da sarautar Magajiya, da yadda 'yan daudu suke zaune tare da su suna girki suna shiga tsakani. Wanda ya kwana ya tashi cikin mata, yana zuba biki tare da su, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki harshensu.

Sai mu dubi halin saurayin da ya baro ƙauye irin namu ya faɗa Funtuwa ko Kano, sau da yawa bayan ya ɓata da danginsa saboda ɗabi'unsa. Ba shi da uba a garin, ba shi da jari, ba shi da wurin kwana. Babban ɗan daudun da ya karɓe shi ya ba shi tabarma, ya koya masa haɗa miya da sanin ma'auni da riƙe mai saye, shi ne yake kira uwa, shi kuma a kira shi 'ya ko ɗiya. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa a 2009, ya rubuta wannan tsari na uwa da 'ya da ƙawa. Abin lura shi ne, da Bahaushe yana da kalmar ubangida da bara don irin wannan dangantaka tsakanin maza, amma ba ita suka ɗauka ba, domin sana'ar da ake koyarwa ta ɗaki ce da murhu, kuma tsarin da ya dace da ita tun asali na uwar ɗaki ne. Irin wannan ya faru a wasu ƙasashe: hijira na Indiya suna da malami da almajiri da gidaje masu shugabanni, inda sabon shiga yake samun dangin da ya rasa.

Ladubban kira

Ƙa'idar farko ta girma ce. Ƙarami ba ya kama sunan uwarsa gatsau, kamar yadda 'yar ɗaki ba ta kama sunan uwar ɗakinta, kuma ba ya ce mata ƙawa, don ƙawa ta tsara ce. Wanda ya sauke farali, ko ya zauna a Jidda ko Makka yana sana'a, kamar yadda da yawa suka yi tun daga shekarun arzikin mai, a waje Alhaji ne, a cikin 'yan'uwansa kuma Hajiya. Laƙabin yana nuni da tafiya da dukiya da girma gaba ɗaya. Ƙawa kuma tana da farashi. Wanda ya kira wani ƙawata, ran da aka yi masa biki ko ajo bai zo ba, bai aiko ba, to ya zubar da kalmar, kuma za a biya shi da habaici, wanda su gwanaye ne a kansa.

Daga nan sai zagi na wasa. Tsakanin ƙawaye ana iya jin shegiya ko karuwa ko 'yar banza cikin raha da tafawa, kuma yawan zagin ma'auni ne na kusanci, daidai da na taubasai. Baƙon da ya ji haka ya ɗauka ƙofa a buɗe take, ya jefa irin kalmar, zagi na gaske ya yi. Nan ne masu kwaikwayonsu a dandali suka yi kuskure. Fim ɗin marigayi Rabilu Musa mai suna Ibro Ɗan Daudu ya kama murya da rangwaɗa, jama'a sun yi dariya, amma mai kallo zai tashi da zaton cewa ɗan daudu kowa yake ce wa ƙawa, a ko'ina, alhali kuwa zaɓe yake yi.

Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi ita ce ta wanda ke saurare, kuma nahawun Hausa ne ya sa ta yi nauyi. Mai jin Ingilishi yana iya yini yana magana da mutum bai nuna jinsinsa ba, domin wakilin sunan mutum na biyu ɗaya ne a harshen. Bahaushe ba shi da wannan sauƙi. Daga gaisuwa sai ya zaɓa: ka kwana lafiya ko kin kwana lafiya, kai ko ke, naka ko naki. Saboda haka kowace jimla tsakanin 'yan daudu biyu hukunci ce a kan wurin da suke. A cikin ɗaki ke da ita. In ɗan'uwan ɗayansu ya shigo, ko matarsa, ko malamin unguwa, sai magana ta koma kai da shi, da sunan yanka, ba tare da an yi wa juna ishara ba. Wanda ya kira abokinsa da sunan mata a gaban 'ya'yansa ya tona masa asiri, kuma ba a ɗaukar wannan a matsayin suɓutar baki. Gaudio ya lura cewa su kansu wasa suke kiran wannan salo, suna kuma ɗaukar kansu maza. Harshen ma ya ba da mafaka ta uku ga wanda bai tabbatar da wurin ba, watau lamirin da ba ya nuna kowa: an zo lafiya, ana aiki, a gaida gida. Akwai kuma ku ta girmamawa. Matan da ke alkunyar miji da surukai sun daɗe suna fakewa a nan.

Doka da ƙuntatar fili

Ƙyamar daudanci ba sabuwa ba ce. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 405, ta sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Alhaji Aƙilu Aliyu yana da waƙa ta sukar ɗan daudu a cikin Fasaha Aƙiliya. Duk da haka, har zuwa shekarun 1990 ana ganinsu a fili a tashoshi da kasuwanni da gidajen biki. Canji babba ya zo da ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, Katsina da Kano suka bi a 2000. An rufe gidajen mata da yawa, wasu 'yan daudu suka yi ƙaura zuwa garuruwan da dokar ba ta kai ba, wasu suka rage fitowa. Hukumar Hisba ta Kano ta samu dokarta a 2003, sa'an nan a Janairun 2014 aka sa hannu kan dokar tarayya ta hana auren jinsi, wadda ta ƙara wa duk wani taro nasu haɗari, ko da na abinci ne da kiɗa.

A Ingila an yi wani yare na ɓoye mai suna Folari, wanda ya dusashe bayan da aka sassauta doka a 1967, don buƙatar ɓoyewa ta ragu. A nan akasin haka aka yi. Abin da suke kira yaren harka ya ƙara shigewa ciki, kalmar da a da ake jefawa daga wannan rumfa zuwa waccan ta koma bayan labule, kuskuren kira kuwa, wanda da kunya kawai yake jawowa, ya zama yana iya jawo kamu.

A yankinmu wani abu ya ƙaru a kan doka, watau rashin tsaro. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu. Mai sayar da dafaffen abinci da kasuwa da tasha yake rayuwa, ko mace ce ko namiji. In kasuwa ba ta ci ba tukunya ba ta hawa murhu, uwar da ba ta ɗora tukunya ba kuwa ba ta da abin da za ta riƙe ɗiya da shi, sai yaron ya nufi Zariya ko Kaduna ko Abuja ya nemi wata.